Kafin Ka Kira Ɗan Jari Bola



Wata Asabar da hantsi 'yar ƙanwata, wadda ke aure a cikin garin Kura, ta buga mini waya murya a sanyaye. Ta ce, "Kawu, injin wankina ya mutu." Na ce, "To, Allah ya ba ki haƙuri. Wane likita ne ya duba shi ya tabbatar?" Ta yi dariyar dole. Ashe ba wanda ya duba. Ta dai zuba ruwa da omo, ta jiƙa kayan yara, ta murɗa taima, sai injin ya kama gurnani ciki-ciki, faifan da ke juya kaya kuwa ko motsi. Ta kashe ta kunna, ta ɗan bubbuge shi a gefe kamar yadda ake wa tsohuwar rediyo, shiru kake ji. Kafin azahar maigidanta har ya tsayar da ɗan jari bola a ƙofar gida suna ciniki.

Injin irin mai baki biyun nan ne, ɗaya na wanki ɗaya na matsa. Daga hannun yayarta ta same shi, ya kai shekara takwas yana aiki. Na roƙi arziki a dakata da ciniki zuwa la'asar. Na biya na ɗauko wani dattijo maƙwabcina wanda ya daɗe yana gyara wa manoman rani injin ban ruwa. Shi da bakinsa ya ce bai taɓa kwance injin wanki ba. Sukundireba da filaya kawai ya riƙo.

Da muka isa bai taɓa komai ba sai da ya yi tambaya. "'Yata, jiya lafiya ya yi aiki? Kin ji ƙaurin waya? Kwanakin nan ƙarfinsa na nan kamar da?" Ta ce ƙauri dai babu, amma kusan wata guda ke nan in ta sa zannuwan gado da ƙyar yake juya su. Ya sa aka kunna, ya kasa kunne jim kaɗan, ya ce a zare shi daga soket. Aka kwashe kaya aka zubar da ruwa. Ya sa hannu ya juya faifan, ya ji yana tafiya sumul. Sannan ya kwance murfin baya, ya haska tocila, ya nuna mana wani abu mai kama da gwangwanin tumatir, kansa ya kumbura. Ya ce, "Ga mara lafiyar nan." Kafasita ce. Washegari wani direba mai zirga-zirgar Kano ya taho da sabuwa daga Sabon Gari, kuɗinta bai fi na tiya biyu ta shinkafa ba. Kafin magariba igiyar shanya ta cika.

Kalmar nan "ya mutu" ita ta sa na ɗauki alƙalami. Muna saurin furta ta a kan waya da fanka da keken ɗinki da babur, kuma daga lokacin da aka furta ta tunani ya tsaya, sai ciniki. Alhali inji tarin gaɓoɓi ne, kuma galibi ɗaya ce ke gazawa ta tsayar da sauran. Wanda ya san wace gaɓa ce, shi ke da ikon yanke hukunci. Wanda bai sani ba, ko ya kai gyara ko ya sayar, caca yake yi da kuɗinsa.

Mu 'yan wannan yanki bai kamata a zo daga wani wuri a koya mana haka ba, domin abincinmu kansa a kan tsohon aiki yake zaune. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala dam ɗin Tiga. Tun daga nan ruwa ke gangarowa ta kanal zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, gangare kawai ke tura shi. Shekaru suka ja, laka ta taru, kacala ta toshe hanya, ƙofofin ruwa suka yi tsatsa, har manomin da ke ƙarshen layi ya riƙa kwana a gona yana jiran ruwan da bai iso ba. Ba wanda ya ce Tiga ta mutu a je a gina wata. Yasa aka yi, aka ɗinke inda siminti ya tsage, aka sake ƙofofi, musamman ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Tushen aikin lafiyarsa ƙalau, hanyoyin ne suka toshe.

Ku kuma dubi yadda manomi ke yi da injin ban ruwansa in ya ƙi tashi. Ba ya farawa da fasa shi. Tanki zai leƙa tukuna ko da mai. Sai ya cire fulogi ya goge. Sai ya waiwayi kafireta. In ya tashi amma ya ƙi jawo ruwa, sai ya bi tiyo ya ga ko yana shan iska. Daga mai sauƙi yake tafiya zuwa mai wuya, daga mai araha zuwa mai tsada. Da wannan ilimi kaɗai dattijon nan ya gano ciwon injin da bai taɓa buɗewa ba.

Tun ban nuna muku inda za ku taɓa ba, bari in ja muku kunne. Injin wanki wuri ne da ruwa da wuta ke maƙwabtaka, wutar gidajenmu kuwa ta kai bolt 230. Kashe makunni bai isa ba, a zare waya daga soket gaba ɗaya. Kada a tsaya ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti. Kafasita tana iya riƙe wuta a cikinta ko bayan an zare waya, don haka ba a taɓa bakinta da yatsa. Kada hannu ya shiga bakin matsa sai ya tsaya cak. In kuwa jikin injin ko ruwan cikinsa ya taɓa fizgar wani, ko da ɗan tsam ne, an daina aiki da shi ke nan sai mai wuta ya zo ya duba shi ya duba wayar ƙasa ta gidan. Garin neman gira ba a yarda a rasa ido ba.

To, yanzu ku kasa kunne, don inji yana faɗin ciwonsa.

In ka murɗa taima ka ji shiru kamar an aiki bawa garinsu, kada ka zargi injin tukuna. Jona dutsen guga ko fanka a soket ɗin ka gani. Sau da yawa soket ne ya ƙone, ko ƙarin wayar da aka jawo daga ɗaki ta saki. In wuta na nan, bi wayar injin da ido tun daga kai har inda ta shige. Gidajenmu gidajen shinkafa ne, inda buhu yake kuwa ɓera na nan, kuma ƙarƙashin injin wanki ɗaki ne a wurinsa: ga duhu, ga ɗumi, ga waya ta gwaguya. Ɓarnar ɓera ta sa an sayar da lafiyayyun injuna da yawa a kuɗin kilo.

In ya yi gurnani bai juya ba, kashe shi nan take, domin moto, wato injin lantarkin da ke juya komai, yana shan wuta ne ba ya motsi, in aka bar shi haka koyil zai ƙone. Dubi ƙwan fitila da fanka. In ƙwai ya yi ja, fanka na tafiyar hawainiya, wutar ce ba ƙarfi, injin ba shi da laifi. In wuta lafiya, zare waya, zubar da ruwa, juya faifan da hannu. Ya ƙi juyawa? Wani abu ne ya maƙale a ƙarƙashinsa: maɓalli, fil, ƙusa, mazagin wando, safar jariri. Noti ɗaya ne a tsakiyar faifan, in an kwance shi faifan zai ɗago. Yana juyawa sumul? To kafasita ce abar zargi ta farko. Aikinta shi ne ta ba moto turin da zai tashi da shi, kamar yadda ake tura motar da batirinta ya yi sanyi. Tana gajiya a hankali, shi ya sa injin 'yar ƙanwata ya yi wata guda yana ja da baya kafin ya tsaya. In za a sayo wata, a tafi da tsohuwar, ko a ɗauki hoton lambobin jikinta, don a samo daidai ita.

In kana jin moto na gudu amma faifai na tsaye, ko yana juyawa ba kaya amma da an sa kaya sai ya tsaya, to bel ne ya saki ko ya tsinke, ko kuma haƙoran da ke ƙarƙashin faifan sun cinye. In yana juyawa gefe ɗaya kawai ba ya komowa, taima ce, don ita ke sauya masa hannu. Duk waɗannan ƙananan kaya ne.

In ka zuba ruwa ya tsiyaye da kansa, ko ka buɗe ya ƙi fita, wani ɗan bawul ne na roba a ƙasa. Tsakuwa ɗaya ko ƙwayar shanshera ta isa ta hana shi rufuwa, igiyar da ke ɗaga shi kuma takan tsinke. Irin wannan inji galibi ba shi da famfon fitar da ruwa, gangare yake bi kamar kanal, saboda haka in tiyon ya lanƙwashe ko aka rataye bakinsa sama ruwa ba zai fita ba.

Bakin matsa kuwa yana da birki da ɗan makunni a jikin murfinsa. In murfin ya karye ko igiyar birkin ta maƙale, ba zai tashi ba ko da motonsa sabo ne. In yana rawa yana dukan bango, kaya ne suka taru gefe ɗaya, ko ƙasan wurin ba daidai ba. Abin da za ku fi sa wa ido shi ne ɗigon ruwa a ƙarƙashin bakin matsa. Akwai sil na roba a nan, moto kuma yana daidai ƙasansa. In sil ya huje, ruwa a kan moto yake sauka. Wanda ya ga ɗigo yau ya ce sai wani mako, da kuɗin roba zai tashi ya koma kuɗin koyil.

A nan zan yi magana da ku 'yan gona musamman. Wandon da aka shiga fadamar shinkafa da shi yana ɗauke da laka da yashi, yashi kuwa shi ke cin sil da boris, kamar yadda yake cin na injin ban ruwa. A fara ɗauraye irin waɗannan kaya a bokiti kafin su shiga inji. A zazzage aljihu. A wanke 'yar ragar da ke tare zare. Kada a danƙara masa kaya don ana sauri kafin a ɗauke wuta, daidai ruwa daidai tsaki. Kada kuma a bar shi a tsakar gida rana na dukansa, don robar jikinsa za ta bushe ta riƙa tsagewa.

Akwai ɗaya nau'in, mai sarrafa kansa, wanda ake zuba wa kaya a danna a tafi. Shi ma yana magana, har ma a rubuce. A injunan LG, IE na nufin ruwa ba ya shiga, OE na nufin ruwa ba ya fita, UE kuma kaya sun karkata gefe. A na Samsung, 4E ko 4C ita ce matsalar shigar ruwa, 5E ko 5C ta fitarsa. In ruwa ba ya shiga, kwance tiyon baya, za ka ga 'yar rariya a bakin shigar, yashin rijiyar burtsatse kan toshe ta. In rariya a tsabtace take, dubi tankinka. Sai ruwa ya sauko daga tsayin mita 10 yake ba da ƙarfin da ake kira bar 1, kuma da yawa daga cikin waɗannan injuna suna son aƙalla rabin haka. Tankin da ke bisa ɗan gini mai mita 3 ba zai gamsar da su ba. In ruwa ba ya fita, akwai 'yar ƙofa a ƙasa ta gaba, matatar famfo na ciki, a shimfiɗa tsumma a buɗe ta a hankali a kwashe tarkace.

Amma wannan nau'in yana da manyan cututtuka biyu. Ɗaya boris: in yana matsa kana jin ƙara kamar jirgi zai tashi, kuma in ka girgiza gangar da hannu tana kwal-kwal, boris ya tafi, a wasu injunan ma gangar a like take, ba a buɗe ta sai an yanka. Ɗayar kuma allon ƙwaƙwalwarsa, wanda masu gyara ke kira bod. Shi ba ya jure wutar da ke hawa da sauka, kuma samun irinsa sak sai an sha yawo.

In abin ya fi ƙarfin idonka da kunnenka, sai mai gyara. Ka je masa da bayani: abin da ka ji, abin da ka gani, abin da ka gwada. Wanda ya ce "ga shi nan, ya mutu" ya miƙa wuyansa ne. Ka tambaye shi cikin ladabi, "Malam, mene ne ya lalace, ta yaya kuma aka gane shi ne?" Mai gyaran kirki yana jin daɗin wannan tambaya, zai ma ɗauko mita ya nuna maka. Wanda ya ce a sayo wannan a gwada, in bai yi ba a sayo wancan, da aljihunka yake koyon aiki, kuma ƙarshensa gyaran gangar Auzinawa. A yi ciniki kafin a kwance. A karɓi tsohon kayan da aka cire. In aka ce za a sake naɗa koyil, a tambaya da wace waya, domin ta jan ƙarfe daban, ta alminiyam daban, a ƙarko da kuma a kuɗi. Shi kuma in ya yi aikinsa da amana, a biya shi ba tare da ja-in-ja ba. Kada ka ce ai minti goma kawai ya yi. Shekarun da ya yi kafin ya iya gano abin a minti goma kake biya.

Yanzu mun iso inda ake rabuwa: a gyara ko a sake?

Abu na farko, reshe ne ya lalace ko gindi? Kafasita, bel, taima, bawul, sil, makunnin murfi, famfon fitar da ruwa, duk rassa ne, a gyara ba sai an yi shawara da kowa ba. Gindi shi ne moto, akwatin giya, ganga, bod. In ɗaya ne daga cikinsu ya tafi kuma sauran jikin da ƙwari, sai a zauna a yi lissafi. In biyu ne suka tafi tare, ko bahon kansa ya tsage, ko tsatsa ta cinye ƙasan, an zo ƙarshe.

Na biyu, lissafin. Masu harkar sun saba cewa in kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabo, gara sabo. Ma'auni ne mai amfani, amma da farashin yau ake auna shi, ba da abin da aka saye shi shekara takwas baya ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Gyaran da a da za a ce bai cancanta ba, yau yana iya zama shi ne hankali. Kuma kada a duba gyaran yau kaɗai, a haɗa da na watanni 12 da suka wuce. A ce sabo naira 100 ne. Ka kashe 15 da azumi, 20 bayan babbar salla, yanzu ana neman 25. Kowanne shi kaɗai ƙarami ne, amma jimla 60 ce, kuma har yanzu tsohon inji ne a hannunka. Nan ne kwalliya ta daina biyan kuɗin sabulu.

Na uku, tsayawarsa nawa take ci? Wannan darasi da kuɗina na saye shi. Wani rani na nace wa tsohon injin ban ruwana. Na sake ringi, na sake fistan, na sake sil, na wanke kafireta har na gaji. Kowa ya ce in haƙura, na ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Tumatir na tsaka da fure ya tsaya cak, kwana biyar ina safa da marwa tsakanin gona da wurin mai gyara, fure ya zube. Da lokacin ɗiba ya yi, kwandunan da na kai Kwanar Gafan ba su kai rabin na bara ba. Abin da na rasa ya sayi sabon inji har da canji. Ba tattali na yi ba, taurin kai ne da rigar tattali. Haka abin yake ga saurayin da ke sana'ar wanki da guga: in inji ya tsaya ana jibi salla, kayan mutane jibge a shago, asararsa ta wuce kuɗin gyara, har da mutuncinsa. A cikin gida ma tsayawar inji ba kyauta ba ce. Ku duba wa ke komawa bakin baho in ya lalace. Uwa ce mai goyo, ko yarinyar da ya kamata a ce tana bitar karatu. Don ba a biyansu ba ya nufin lokacinsu ba shi da daraja, kuma maigidan da ya bar inji wata uku a jingine don ba shi ke durƙuso ba, bai yi adalci ba.

Na huɗu, ana samun kayansa a Kano? Kafin ka sa kuɗi a gyara, kafin ma ka sayi wani, aika a tambaya a Sabon Gari. Injin da kayansa ke zube a kasuwa ya fi wanda ya fi shi kyau amma sai an yi odar kowane noti.

Na biyar, in za ka sake, sayi wanda ya dace da wutarka da ruwanka, ba wanda ya dace da idon baƙi ba. Na san wani matashi da ya sayar da lafiyayyen mai baki biyu ya sayo na hannu, ɗan Beljiyam, mai ƙofar gilashi, don abokai su gani. Injin yana dafa ruwa da kansa, abin dafa ruwan kaɗai yana cin wajen wat 2,000, ƙaramin janaretansa kuwa bai kai 1,000 ba. Ruwan tanki ya gaza masa, in aka ɗauke wuta ƙofa ta kulle da kaya a ciki, kafin shekara bod ya ƙone. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Mai baki biyu ba shi da kwarjini, amma 'yan ɗaruruwan wat yake ci, da bokiti ake ba shi ruwa, in an ɗauke wuta sai a tsame kaya a ƙarasa da hannu, kuma duk mai gyaran fanka zai iya da shi.

Kada ku ɗauka gyara alamar talauci ce. Ƙasashen da suka saba yar da kaya sun fara dawowa daga rakiyar wannan ɗabi'a. Tun daga watan Maris na 2021 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera injin wanki su ci gaba da samar da kayan gyaransa har shekara 10. A farkon shekarar 2021 ɗin Faransa ta fara liƙa wa wasu kayan lantarki, har da injin wanki, maki bisa 10 da ke nuna sauƙin gyaransu, don mai saye ya gani tun a shago. A birnin Amsterdam kuwa, a 2009, wata mata mai suna Martine Postma ta fara tara mutane suna gyara kayansu tare, abin ya bazu ƙasashe da dama. Abin da suke kafa wa doka, mu a bakin titi muke da shi. Garin da ya yi suna da rini tun kaka da kakanni ya san cewa riga in ta koɗe marina ake mayar da ita. Wanda duk yake zaune ba sana'a a cikinku, ya lura: injunan nan kullum ƙaruwa suke cikin kayan ɗakin amare, masu gyaransu kuwa sai an nema. Mita ɗaya, sukundireba, da shekara biyu a gaban oga mai amana sun isa su riƙe gida.

In kuma ranar rabuwa ta zo, a rabu da kyau. A cire abin da ke da sauran amfani, domin moto mai rai ya fi ƙarfin kuɗin kilo. In za a sayar wa wani ya yi aiki da shi, a faɗa masa aibinsa. Ɓoye aibin kaya algus ne, addininmu ya hana, kamar yadda ya hana almubazzaranci. Tsakanin waɗannan biyun mai hankali ke tafiya.

Injin 'yar ƙanwata ya ƙara shekara uku bayan wannan rana. Sannan bahonsa ya tsage ta ƙasa, ruwa ya sauka a kan moton wanki, ƙauri ya cika tsakar gida. Na sake ɗauko dattijon nan. Ya leƙa, ya shinshina, ya sa yatsa a tsagar, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. Ya ce, "Yanzu kam ya mutu, 'yata." Ya cire moton matsa da taima ya miƙa mata ta ajiye, gangar jikin kuma aka kira ɗan jari bola ya ɗora a kurarsa. Ba wanda ya yi da-na-sani. Suka sayo sabo irinsa sak.

Kwanakin baya ta sake bugo mini. Ta ce, "Kawu, injin yana gurnani. Na zare waya, wuta da ƙarfinta, faifai ya ƙi juyawa da hannu. Ina jin wani abu ne ya maƙale, wace sukundireba zan sa?" Na gaya mata. Ba a jima ba ta turo mini hoto: mazagin wandon maigidanta ne, ya nannaɗe a ƙarƙashin faifai.

Allah ya sa albarka a abin hannunku, ya ba ku kunnen saurare kafin bakin yanke hukunci. Amin.